Ta'aziyyar Sarkin Ruwa

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau babur daga Gwandu zuwa Kalgo gaisuwar mutuwa ba.

Wani wasan waya ne ya ja mini, irin wanda mutane da yawa ke shiga lokaci guda. Na daɗe ina gantali a cikinsa ni kaɗai, sai wata rana na faɗa wani ƙauye da 'yan Kebbi suka gina. Kowa da matsayinsa: ga mai gari, ga liman, ga mai fura, kuma duk maganar da mutum zai yi, da bakin matsayinsa zai yi ta. Ni malamin firamare ne, magidanci da iyali, amma wallahi ba abin da nake kwaɗayi kamar a ba ni matsayi a ƙauyen nan, ko da na mai sharar kasuwa ne. (Maiɗakina ta ce ko ƙarin girma a wurin aiki ban taɓa nema haka ba.)

Wanda ya ja ni a jiki shi ne Sarkin Ruwa. Sunansa na gaskiya Murtala, mai gyaran injin ban ruwa a Kalgo, kuma shi ya yi alkawarin zai yi mini magana da mai gari. Nakan ga wani ya rubuta "na cire hula" kafin ya faɗi wani abu, amma ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka zafin Kebbi ne ke damunsu.

Ranar wata Asabar da safe na shiga, na tarar da sanarwar mai gari: Sarkin Ruwa ya rasu, kwalekwalensa ya kife a gulbi. Liman na addu'a, mai fura na kuka, ba mai dariya ko ɗaya. Na kira wayar Murtala, a kashe. Na ji tausayinsa har cikin raina. Na kuma ji haushin mutanen nan: wato a waya za su yi gaisuwa su ƙare? Na zura farar rigata na kama hanya, ina jin na fi su sanin ya kamata.

Da tambaya na gano gidan. Ba rumfa, ba taron jama'a, sai wani dattijo a bakin zaure yana gyaran komar kamun kifi. (Mai hankali a nan zai tsaya. Ni cewa na yi na riga kowa zuwa.) Na durƙusa, na sassauta murya.

"Baba, ya haƙuri?"

"Haƙurin mi, ɗana?"

"Na Murtala. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan nan ya zame masa shahada."

Komar ta suɓuce daga hannunsa. "Murtalan da yat tahi hwadama da sahe?" Ya miƙe yana salati, cikin gida kuwa mata suka jiyo, kuka ya fara tashi. Ana cikin haka sai ga babur ya tsaya, da inji ɗaure a baya, wani saurayi ya sauko duk baƙin mai a rigarsa. Dattijon ya cafke shi yana laluba kafaɗunsa; ashe ɗansa ne, Murtala.

Ni kuma, a gaban kowa, bakina ya ce: "Sarkin Ruwa, ashe ba ka mutu ba?"

Da Murtala ya gane ko ni wane ne, dariya ta kai shi ƙasa. Ashe gajiya ya yi da sarautar ruwa yana son ya koma maƙeri, shi ne suka shirya masa mutuwa a wasan. Wayar kuma caji ne ya ƙare. Ya ce mini, "Malam, in ba ka ji an ce 'na cire hula' ba, duk wasa na."

Dattijon ya juyo gare ni. "Malamin makaranta aka ce?" Na ce e. Ya ce, "Allah shi taimaki ɗiyan mutane." Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai da na ba mahaifiyar Murtala haƙuri daga bakin zaure, aka kuma tilasta mini tuwon shinkafa, wanda na ci kaina a sunkuye. Da zan tafi, dattijon ya nuna ni ya ce wa ɗansa, "Cikin abokanka duka, wanga kaɗai yaz zo. Ka riƙe shi."

Kafin in isa Gwandu labari ya gama ƙauyenmu na waya. Mai gari ya tara jama'a ya naɗa ni Sarkin Ta'aziyya, matsayin da har yau nake riƙe da shi. Abin da na nema dai na samu. Sai dai yanzu ko a masallaci aka sanar da rasuwa, sai na danne bakina da ƙyar, don kada in tambayi liman ko ya cire hula.