Tsutsar Masara a Sahuda

Na daɗe a gaban madubi ina haddace jawabin da zan yi wa manoma kan tsutsar masara. Da na isa Sahuda, na tarar da maza zaune kan tabarmi, tsit, ko tari babu. Na ce a raina, yau na samu masu sauraro.

Na buɗe kwalbar tsutsotsi, na shiga bayanin yadda suke cin abu daga ciki. Babu wanda ya ɗago kai. Na ƙara murya.

Wani dattijo ya riƙe hannuna a hankali. "Malam, taronku yana firamare. Mu gawa muke jira."

Aka fito da makara ta gefena.

Har yau in na ɗauki kwalbar nan, abokan aikina sai su tambaye ni, "Wa ya rasu?"