Ranar da Na Goya Duna

Ba zan taɓa mantawa da abin da ɗan kwikwiyo ya jawo mini a shekarata ta biyu da aure ba. Ko na so in manta ma, mutanen Keana ba za su bari ba, don har yau in an haɗu a biki sai wata ta tayar da zancen.

A lokacin muna zaune a unguwar Bukan Sidi a garin Lafiya, tun tana ƙarƙashin Jihar Filato, maigidana kuma malamin gona ne. Ɓarayin kaji suka sa mu a gaba, sai wani abokinsa Batibe, manomin doya a Assakio, ya ba shi kwikwiyo baƙi ƙirin a cikin kwalin sabulu. Ina leƙa kwalin na ja da baya. Na ce kare a gidana? Nan take na kafa dokoki: ba ya shiga ɗaki, ba ya taɓa buta, ba ya kusantar tabarmar salla, kuma wanda ya kawo shi shi zai yi masa hidima.

Ba a yi mako ba na zama uwar ɗakinsa. Maigida kullum yana ƙauye wajen manoma, ni ce a gida da abin da ke kuka a kwali. Ni na sa masa suna Duna. Ni ke dama masa koko da madarar gari, in hura ya huce, in zuba masa a murfin tsohuwar langa. Ni ke cire masa kaska, in yi masa wanka da sabulun salo a tsohon baho, in kai shi bayan gida in tsaya a kansa har ya gane nan ne wurin yin kashi. Ya tauna silifas ɗina ƙafa ɗaya, na ɗaga tsintsiya, ya kwanta ya ɗaga ciki sama, na ajiye tsintsiyar (abin da ko ƙanina bai taɓa samu a wurina ba). Har wani tsohon tawul rawaya na ba shi yana kwana a kai. Gaskiya ina sonsa. Gidan shiru ne, ban haihu ba, shi kuwa duk inda na sa ƙafa yana biye da ni.

To, ga uwar mijina, Inna, tana Keana tana dafa gishiri. Matar nan ba ta taɓa yi mini gorin haihuwa ba. In wata ta fara habaici sai ta ce, “Ku bar mini yarinya, Allah ne mai bayarwa.” Amma ni, saboda ƙiwa da tsoron hanya, rabona da Keana ya kusa shekara. Maigida ke zuwa ƙarshen wata, in an tambayi labarina sai ya ce, “Ba ta ɗan jin daɗi ne.” (Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.)

Wata safiya, maigida ya tafi kwas Jos, na tarar Duna ya ƙi koko. Amai, gudawa, ido ya faɗa, wutsiyar da ba ta hutawa ta kwanta. Hankalina ya tashi. Na sa shi a kwali na fita titi, asibitin dabbobi zan kai shi. Mai tasi na farko ya leƙa kwalin ya ce, “Madam, motata ba ta ɗaukar kare,” ya ja. Na biyu ko magana bai yi ba. Na uku cewa ya yi in ji tsoron Allah, fasinjojinsa masu alwala ne.

Na koma gida ina hawaye. A nan ne wata dabara ta faɗo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum ranar da hankalinsa ya tafi hutu. Na naɗe Duna cikin tawul ɗinsa rawaya, na shimfiɗa leda a bayana, na ɗora shi, na ɗaure da zani, na yafa mayafi na rufe ruf. Na duba madubi: mai jego sak. Ina fita, tasi na farko ya tsaya, direban har da “A hankali, Madam, a kula da yaro.”

Na zauna a bakin kujera ina yaba wa kaina wayo. A gaba akwai wani dattijo da farar riga fes yana jan carbi. Mun ɗan taɓa tafiya aka tsaya ɗaukar wata mata da kwando, ta shigo ta zauna kusa da ni. Ina juyawa muka haɗa ido. Goggo Laraba ce, maƙwabciyar Inna, wadda ke kawo gishiri kasuwar Lafiya, matar da in ta ji labari da safe, kafin azahar ya gama Keana.

“Kai! Amarya!” ta ce da irin Hausarta. “Ka haihu ba ka gaya mana ba?”

Da ina da hankali, a nan zan ce mata kare ne. Amma na dubi ƙeyar direba, na dubi farar rigar dattijo, na ji Duna yana numfashi da ƙyar a bayana. In na faɗi gaskiya sauke ni za a yi a tsakiyar hanya. Sai na yi murmushi na sunkuyar da kai, irin na mai kunyar ɗan fari.

“Mace ko namiji?”

“Namiji,” na ce.

Ta yi guɗa a cikin mota. Dattijo ya juyo ya ce Allah ya raya, na ce amin. Ta kai hannu za ta ɗaga mayafi, na kama gefensa gam na ce barci yake yi, ba shi da lafiya, asibiti za mu. Daidai nan Duna ya saki wani siririn kuka.

“Wayyo, mura ya kama mijina,” in ji Goggo Laraba. “Ji murya kamar na babansa yana ƙarami.”

Ta kwance ƙullin gishiri ta cusa mini a hannu, wai a sa a miyar jego. Na karɓa har da godiya. Na sauka a ƙofar asibitin mutane don kada a gane, sannan na taka da ƙafa zuwa na dabbobi, zufa na bin bayana ƙarƙashin leda. Ma’aikacin da ya ga na kwance goyo na fito da kare sai da ya dafa tebur don dariya. Ya ce tsutsar ciki ce, ya yi masa allura, ya ba ni magani. Cikin ’yan kwanaki Duna ya miƙe, ya koma kan ɗaya ƙafar silifas ɗin.

Maganar Goggo Laraba kuwa, na ce a raina in maigida ya dawo zan gaya masa. Ya dawo, na dube shi, na rasa ta inda zan fara, na ce sai gobe.

Goben nan Asabar ce. Da hantsi ina wanke-wanke, maigida yana gyaran babur a tsakar gida, muka ji sallama. Inna ce a gaba, Goggo Laraba a baya, da wata ƙanwar Inna, kowa da kaya a ka. Suka sauke: gishiri, kanwa, yaji, doya, kaza biyu a ɗaure, da ’yan rigunan jarirai.

Na shimfiɗa tabarma, na durƙusa na gaishe su. Inna ta amsa a taƙaice, ba ta taɓa ruwan da na kawo ba. Ta dubi ɗanta, idonta cike da ƙwalla.

“Me na yi muku?” ta ce. “Wata da watanni kana ce mini ba ta jin daɗi, na gane, na yi shiru, na ce kunya ce. Amma a haihu, a yi suna, sai a bakin maƙwabta zan ji? In laifi na yi, ku faɗa mini. Ni dai ku ba ni jikana in gani.”

Wannan ne ya fi komai yi mini ciwo. Da faɗa ta yi da na fi samun sauƙi.

Maigida ya tsaya da sifana a hannu, baki buɗe. “Inna, wane jika?”

“Ka ji ko?” in ji Goggo Laraba. “Har yanzu yana ɓoye! Da idona na gani a baya, namiji, har na ji kukansa!”

Kamar kiransa aka yi. Duna ya fito daga bayan kicin yana jan tawul ɗinsa rawaya da haƙori, ya zo tsakiyar gida ya ga kaji a ɗaure, ya ja da baya ya saki siririn kukan nan nasa. Goggo Laraba ta dubi tawul, ta dubi kare, ta dube ni.

“Shi ne,” na ce, kaina a ƙasa. “Inna, shi na goya.”

Na zayyana komai ina durƙushe, daga amai har zuwa ledar da na shimfiɗa a baya. Da ƙasa za ta tsage a ranar, da na shige na ja murfi. Maigida ya juya mana baya, kafaɗunsa na rawa (wai tari ne ya sarƙe shi). Inna ta daɗe tana kallon Duna, sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce:

“To, ya jikin nasa?”

Ƙanwar Inna ce ta fara faɗuwa kan tabarma. Goggo Laraba ta dafe ƙirji tana salati. “Ni na ce wa kare mijina! Na ce murya kamar na babansa! Amarya, ba ni gishirina!” Inna ta yi dariya har sai da aka bubbuga mata baya. Da ta huce ta tura ni banɗaki in wanke bayana sau bakwai, ɗaya da ƙasa, duk da na rantse mata na riga na yi. Kajin barka kuwa a ranar aka yanka su, Duna ya samu ƙashi.

Da za su tafi, Inna ta kira ni ɗaki. Ta ciro wani tsohon majanyi saƙi daga ƙasan jakarta, ta ce da shi ta goya maigidana, ta ajiye shi tun lokacin tana jira. Na ce ta yafe mini, na sa ta murna a banza. Ta ce, “Na yi murna, kuma na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma riƙe shi a wurinki. Na ga yadda kike da goyo, hankalina ya kwanta.” Na rungume majanyin na yi kuka sosai, na kunya da na ƙauna a haɗe. Daga ranar ban sake bari wata ya wuce ban je Keana ba.

Bayan shekara biyu Allah ya ba ni ɗa namiji. Duna ya zama ƙaton kare, ɓarayin kaji sun canja unguwa. Maigida ya hau babur tun ban gama farfaɗowa ba ya tafi Keana da kansa, don kada Goggo Laraba ta riga shi. Ya tarar da Inna a bakin tukunyar gishiri, ya durƙusa ya ce, “Inna, an sauka lafiya, namiji.”

Ba ta ko ajiye ludayi ba ta ce, “Ƙafa nawa?”

Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙarya a cikin tasin Lafiya, ka fara duba wanda ke zaune kusa da kai. Yaron nan yanzu shi ma yana da ’ya’ya, amma in ya shiga Keana har gobe ƙanin Duna ake ce masa, kuma yana amsawa.