Sabon Kifin da Na Gano a Kalgo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban malamai da ɗalibai, mahaifina na zaune a kujerar gaba cikin babbar riga, na buɗe baki na ce na gano sabon kifi. Har yau in abin ya faɗo mini a rai ina tsakar wanke-wanke, sai in ajiye soso in rufe fuska, ko da ba kowa a wurin.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin nazarin kifi, ina haya a wani ɗan ɗaki a Kalgo. Masunta sun daɗe suna kukan kifi ya ja baya a gulbi. Aikina shi ne in gano wane kifi ke zuba ƙwai, a ina, kuma a wane wata, don in za a ce a ɗaga wa wani wuri ƙafa na ɗan lokaci, a san inda za a nuna. Matsalar ita ce ƙwan kifi kusan kamarsu ɗaya. Ba su kai ƙwayar dawa ba, kuma ko ka zura musu ido har ka ga jiri, da wuya ka rantse wannan na kawara ne, wancan na giwan ruwa. Sai an murƙushe ƙwan a ɗakin gwaji an ciro ƙwayar halittarsa, wadda ake kira DNA, a aika inda za a karanta ta. Sakamakon yakan dawo a matsayin dogon jerin haruffa, sai ka gwada shi da na kifayen da aka sani, ka ga da wanne ya dace.

Da damina ta sauka nakan bi kwalekwale da wata koma mai ido kamar na gidan sauro, in tato ƙwai in zuba a 'yan kwalabe. Wannan ɓangaren da daɗi, ko ba komai akwai mutane. Wahalar tana ɗakin gwaji. Farfesan da ke duba aikina ya tafi ƙasar waje neman magani, abokan karatuna duk sun zaɓi kiwon tarwaɗa suna can gonaki, ga dogon hutu an watse. Ƙawayena na sakandare kuwa kowa ta kama harkar gabanta. Wayata takan wuni ba ta yi ƙara ba, in ma ta yi, kamfanin layi ne ke tallar waƙa (wata rana sai da na saurari tallar har ƙarshe).

Ban san ranar da na fara ba, kawai na tsinci kaina ina yi wa kwalaben magana. In na shigo in ce, "Kun kwana lafiya?" In ba su labarin mai gidan hayarmu da ta sake kulle rijiya, da ɗan akuyan da ya cinye mini alayyafo. Da takunkumi a baki maganar ba ta daɗi, ga zafi, ga ba wuta, sai in ja shi ƙasan haɓa. Ƙwan kifi sun iya sauraro, gaskiya. Ba su taɓa katse ni ba.

Da sakamako ya dawo, na zauna na gwada shi da jerin kifayen yankinmu da Farfesa ya bar mini a kwamfuta. Wasu suka dace da kawara, wasu da giwan ruwa. Amma kwalabe da dama sun ba da haruffa iri ɗaya sak, kuma ba su dace da kifi ko ɗaya ba. Ko kusa ma ba su yi ba. Mai hankali da ya ga wannan nisa zai tsaya ya ce anya. Ni kuwa sai na miƙe na zagaya tebur ina tafi. Na aika wa Farfesa saƙo, shiru. Ba wanda zan nuna wa, don haka na nuna wa kaina, na kuma yarda da kaina.

Ƙarshen mako na hau mota zuwa gida Gwandu. Baba tsohon hedimasta ne, kuma shi kaɗai ne a gidan bai taɓa ce wa aikina wasan ruwa ba. Na same shi a zaure na zayyana masa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Wanga kifi da kinka gano, ba wanda ya taɓa ganinai?"

"Ko a littafi babu shi, Baba."

"Allahu akbar! Ɗiyata ce wagga."

Kafin magariba labari ya kai majalisarsu ta ƙofar masallaci. Kafin in koma Kalgo ya kai wa gwaggona a Kambaza, a can har an ƙara masa gishiri, wai kifin ya kai ɗan maraƙi.

Da aka dawo hutu aka sa ranar da kowane ɗalibi zai gabatar da inda ya kai. Baba ya ce sai ya zo. Ya zo kuwa, da abokansa biyu na majalisa, sun sha turare kamar masu zuwa ɗaurin aure. Na hau gaba na yi bayani, muryata har da wata ƙasaita da ban san ina da ita ba. Na rufe da cewa alamu sun nuna akwai wani jinsin kifi a ruwayenmu da kimiyya ba ta san da shi ba. Baba ya fara tafi tun kafin kowa.

Dakta Balkisu, wadda ke riƙe da sashen a madadin Farfesa, ta ɗaga hannu. Ta tambaye ni ko na gwada haruffan a babbar ma'ajiyar intanet, wadda ta haɗa dukan halittu ba kifi kaɗai ba. Na ce ai ban ga buƙata ba, tunda daga ƙwan kifi na ciro. Ta zo ta zauna gaban kwamfutata, ta kashe hasken allon bango, ta ɗan yi danne-danne. Sai na ga ta gyara mayafi.

"Ko za mu duba wannan a ofis bayan an tashi?" in ji ta a hankali.

Kun ga baiwar Allah tana miƙo mini igiya ina cikin rijiya. Ni kuma na ce, da murmushi har kunne, "Ba komai Dakta, a haska kowa ya gani."

Ta dube ni, ta haska.

A saman allon, da manyan haruffa, ga sunan da masana kimiyya ke kiran ɗan Adam da shi. Wani daga baya ya shaƙe da dariya. Baba bai gane ba, ya juya ga ɗalibin da ke bayansa ya tambaya da ƙarfi, "Mi anka ce sunan kifin?"

"Baba, ai mutum ne."

Nan ɗakin ya fashe. Ɗaya daga abokan Baba ya dafe ƙirji yana salati, a zatonsa gawa na tsamo a gulbi.

Dakta ta tsawatar, ta yi bayani cewa ƙwan waɗannan kwalaben sun lalace saboda zafi da rashin wuta, abin da ya rage a ciki kawai na wanda ya yi aikin ne. Ɗigon yawu da ido ba ya gani ya isa. Ta juyo gare ni.

"Su wa ke shiga ɗakin gwajin?"

"Ni kaɗai."

"Kina sa takunkumi?"

"Ina sawa. Sai dai in zan yi magana."

"Magana da wa, tunda ke kaɗai ce?"

Na nemi ƙarya sama da ƙasa ban samu ba. Na ce, "Da ƙwan."

Na zaci dariya za ta ƙaru. Ba wanda ya yi. Da ma sun yi, wallahi da ya fi mini sauƙi. Wannan shirun, da yadda kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, shi ya fi komai ƙona ni. Na tattara takarduna, na san aikin rabin damina ya bi ruwa, sai na jira wata daminar.

A waje Baba ya sallami abokansa suka je jiran mota. Muka tsaya ƙarƙashin wata dogonyaro. Na jira faɗa. Ya daɗe yana gyara hannun rigarsa.

"Tun yaushe kike zaune haka ba mai ce miki ci kanki?"

Sai hawaye suka zubo mini.

"Kina zuwa gida kina ce muna lafiya lau." Ya girgiza kai. Can ya ɗan murmusa. "To ai ba ki yi ƙarya ba dai. Kin ce babu irinai cikin littafin kifi, kuma babu."

Na yi dariya da majina, a gaban jama'a, abin da ya rage mini na mutunci ya tafi.

Na sake aikin da damina ta zagayo. Dakta ta haɗa ni tebur ɗaya da wata ɗaliba 'yar Malisa, mai surutun da sai na roƙe ta ta numfasa (da takunkuminta, ba na wasa da wannan). Sakamakon ya fito tsaf, kifaye ne da kowa ya sani, ba abin kai wa majalisa. Da shi aka nuna inda kawara ke zuba ƙwai, na kuma samu digirina. A sashen dai har na fita sunana Sabon Kifi.

Abin da na koya kaɗan ne. In ka ga ka gano abin da duk duniya ba wanda ya taɓa gani, nemi mutum ɗaya ka nuna masa a ɓoye kafin ka gayyato dattawa da turare. In kuma babbar mace ta rage murya ta ce a je ofis, don Allah ka tafi ofis.