Tsagar Kaka Fibi

Sati uku ke nan da Danny ya fara koyon haɗa hotuna a kwamfuta a wani shago a Jimeta, amma har tafiyarsa ta canza. Aikinsa na farko ya zo ne daga ƙungiyar 'yan garinsu, waɗanda tashin hankalin 2014 ya watsa daga wajen Mubi, yanzu sai a shafin intanet suke haɗuwa. Suna son dogon hoton nan da ake sawa a goshin shafi, da fuskar dattijuwarsu a jiki, wato kakarsa Fibi. Sharaɗi ɗaya sakataren ƙungiyar ya kafa: sai tsohuwa ta gani ta ce to, in ba haka ba a ba wani aikin. Ya iske ta a gida a unguwar Shagari Low Cost tana gyaran kifi a bakin famfo, shi kuma da kwamfuta a hammata, yana hura hanci. Ya gaishe ta.

"Lafiya lau, maigida," in ji ta. "Yau kuma tiren shayi ka kawo mini?"

"Kwamfuta ce, amarya. A zamaninku da kun gan ta sai ku hau dutse."

"A zamaninmu miji doya yake kawowa. Kai kullum hannu rabbana, sai dogon wuya kamar zalɓe."

"Wuyan nan 'yan mata ke bi a Jimeta. Wanke hannu ki zo ki ga abin da na mai da ke."

Ya buɗe. Gaskiya aikin ya sha kala. Sunan ƙungiya da ruwan zinare, tantabaru biyu, ga wata mace a gefe, fuska sumul, tana sheƙi. Danny ya gano wani maɓalli mai goge tabo a satin, bai kuwa bar komai da rai ba.

Kaka Fibi ta matso da ido, ta ja baya. "Wannan yarinya wace ce?"

"Ke ce mana."

"Ni? To ka yi sabon aure ba ka gaya mini ba. 'Yar ina ce, Indiya?"

"Shekara arba'in na cire miki, kyauta. Wata da rawa za ta yi."

"Ka cire shekara, ka cire hanci. Da me zan ji warin takalminka? Ina tsagata?"

"Na goge. Yanzu ba a yayinta."

"Kai ma ba a yayin irin kanka, mun bar ka da shi. Uwarka kwana biyu ta yi kafin kan nan ya fito, har likita ya nemi hutu."

"Ƙwaƙwalwa ce ta cika shi."

"Ruwa ne. In ka girgiza ina ji."

Ta koma kan kifinta. Danny ya san in ta juya baya haka, magana ta ƙare.

"Haba ta gidana. Kowa zai ce kin yi kyau."

"Kowa zai ce Fibi ta mutu an sa jikarta." Ta ɗauraye wuƙa. "Lokacin da muka iso Yola a ƙafa, na rame, na yi baƙi, ko ni ban san kaina a madubi ba. A harabar coci, cikin mutum ɗari nawa, ƙanena ya wuce ni sau biyu. Da tsagar nan ya gane ni. Akwai namu a Legas, akwai a Kamaru, har yau ba su san wa ya tsira ba. Su buɗe shafi su ga 'yar Indiya?"

Kunya ta rufe Danny. Ya shiga neman hoton asali, ya duba nan, ya duba can. Ashe a kansa ya adana gyaran, kuskuren da malaminsu ya yi ta jan kunne a kai tun ranar farko.

"Kaka, na asalin ya tafi. Tsaya in ɗauki sabo."

"A'a. A wancan ina da haƙorina na gaba. Bayan Kirsimeti ya faɗi."

"Sai in sa miki wani."

"Na wa? Na akuya? Kai ka goge, kai za ka mayar. Ga fuska, kwafa."

Ta ja kujera ta zauna, ta miƙa masa kumatu. Shekara ashirin da biyu yana cin tuwonta, bai taɓa tsayawa ya dubi fuskar nan da kyau ba sai yau. Ya ɗora kwamfuta a gwiwa, ya dubi kumatu, ya ja layi, ya sake duba.

"Daina motsi, tsohuwa."

"Hannunka ke rawa. Wanzamin da ya yi ta ko gilashi ba shi da, kuma ina ihu."

"Bakwai a hagu. A dama kuma shida. Wanzamin naku bai iya ƙirga ba. Bari in cike miki."

"Ka taɓa ka gani. Cizonsa na yi na gudu kafin ya gama. Duk garinmu ni kaɗai ce mai goma sha uku."

"Ashe tun kina yarinya ba ki jin magana."

"Shi ya sa na ƙare da miji irinka."

Ya gama, ya juya mata. Layukan ba su miƙe sosai ba, ɗaya ma ya ɗan karkace wajen kunne. Kaka Fibi ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa mai ƙarnin kifi a gilashin kwamfutar, tana ƙirgawa a hankali, Danny bai ce ta cire ba.

"Tantabarun nan kamar kaji marasa lafiya," ta ce.

"Amma matar fa?"

Dariya ta ƙwace mata, har gurbin haƙorin ya bayyana. Ta zaro kan kifi mafi girma daga roba ta ajiye gefe.

"Wannan naka ne, mai babban kai. Kira sakatare. Ka ce Fibi ta ga Fibi, a sa."