Sai Muryar Yael Ta Sauka

"...lafiya lau, matata. Wa ya taɓa min ke?"

Natana'el ne ya shigo gidan kakarsa Firisila a Nasarawa Gwom, ya same ta ta tasa waya a gaba kamar mai zaman makoki. Jikarta Yael, 'yar shekara shida da aka haifa a Ingila, ta ce ba za ta ƙara magana da Kaka ba, wai ba ta barin ta ta gama. Abin ya yi wa tsohuwar ciwo ƙwarai.

"Miji na banza, sai yau ka ga dama? Ka ce kai malamin Turanci ne, ga Turanci zai raba ni da jinina."

"Bakinki ne zai raba ku. Ko Fasto sai ya roƙe ki kafin ya kai Amin."

"Rainin wayo. Na san ka tun ba wando."

"Tsufa dai ba ya hana koyo. Zauna, ɗaliba."

Ya ce ba sai ta gane kalmomin ba, muryar kawai za ta bi. In yarinya ta yi shiru muryarta na rataye a sama, numfashi take ja, da saura. In ta sauka ƙasa, to ta miƙo mata maganar. Ya gwada mata sau uku, duka ukun ta katse shi da "Yawwa".

"Kin ga? Mai hali ba ya fasa halinsa."

"To ai muryarka ce kamar ta ɗan akuya, wa ya san hawanta da saukarta?"

Suna cikin haka wayar ta yi ƙara. Uwar Yael ce ta kira daga Ingila, ta lallaso yarinyar. Yarinyar ta fara a ɗarare, ta tsaya. Kaka ta buɗe baki, Natana'el ya nuna sama da yatsa, ta toshe bakin da gefen zani. Sai ga labari ya ɓalle, har da dariya. Can muryar ta sauka.

"Yes, Yael," in ji Kaka a hankali.

Yarinyar ta ɗora wani labarin. Kaka ba ta gane ko kalma ɗaya ba, hawaye dai take sharewa. Ta tura wa Natana'el kwanon gwaten da ta ɓoye wa kanta.

"Cinye, maigida," ta raɗa masa. "Amma kar ka yi min surutu, jikata ba ta gama ba."