Jawabin Sallamar Mosye Daniyel

Ko zan manta da komai a aikin koyarwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi wa Mosye Daniyel bikin ritaya ba. Har yau idan na tuna sai in ji zufa ta karyo mini.

Mosye Daniyel shi ya koya mini karatu a makarantar firamaren unguwarmu a Garwa, inda da Faransanci ake karatu, malami kuma Mosye ake ce masa. Mutumin ƙauyukan kan dutse ne, Kirista, yana ɗingishi tun yarinta. Lokacin da mahaifina, mahauci, ya cire ni daga makaranta don in kama sana'a, mutumin nan kullum sai ya ja ƙafarsa zuwa rumfarmu a kasuwa, ya zauna kusa da teburin nama yana lallashinsa da Hausarsa ta kasuwa, har tsohon ya gaji ya sake ni. Yau ga ni darakta, wato shugaban makarantar. To wa ya fi ni cancantar yi masa jawabin sallama?

Sai son burga ya shige ni. Sufeton ilimi zai zo, ni kuma ina so a ji Faransanci mai maiƙo. Na buɗe manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira a wayata, na ba ta sunansa kawai da cewa ya shekara talatin yana koyarwa, na ce ta rubuta jawabi mai sa kuka, da labaran rayuwarsa a ciki. Nan take ta zubo shafi biyu. Na duba layin farko, na ce kai, madalla, na bayar aka buga. (Ni ne fa mai yi wa malamai faɗa idan suka shiga aji ba su karanta darasinsu ba.)

Ranar biki na sha babbar riga, na kama lasifika. Sakin layi na farko lafiya lau, har da tafi. A na biyu na ji bakina yana cewa Mosye ya yi karatu a Faransa. Mutumin da Yawunde ma, babban birnin ƙasarmu, sau ɗaya ya taɓa zuwa! Malamai suka fara kallon juna. Maimakon in tsaya, sai na ƙara murya. Na uku ya ce a samartakarsa gwanin ƙwallo ne, ba mai kamo shi a guje. Na hango shi ya janye gurguwar ƙafarsa ƙarƙashin kujera.

Wallahi a nan ya kamata in ninke takardar. Amma idan mutum ya rikice, idonsa sai ya manne a kan layi na gaba. Na karanta godiya ta musamman ga uwargidansa, Madam Mari, wadda ta tsaya masa tsawon rayuwa.

Sunan matarsa Rifkatu. Tana zaune a sahun gaba, ta ci ado.

"Wace ce Mari kuma?" ta tambaya da ƙarfi, ta juya tana kallon mijinta.

Iyayen yara suka fashe da dariya, sufeto ya sunkuyar da kai yana goge tabarau. Ni kuwa na tsaya da takarda a hannu kamar an dasa ni.

Bayan an watse na same shi a bakin ƙofa, na durƙusa. Na ce, "Baba, ka yafe mini, na'ura ce ta rubuta."

Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Ɗana, mutumin nan na cikin takardarka ya ji daɗin duniya, sai dai ban san shi ba. Da ka ce na taɓa zane ka da bulala ma da na yi murna, don wannan kam ni ne."

Mama Rifkatu ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.

Ban daina amfani da manhajar ba, tana taimaka mini da jadawalin darasi, sai dai yanzu layi-layi nake bi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Laifin ma ba nata ba ne, ban gaya mata komai ba sai suna da shekarun aiki, ta cike gurbin da abin da ta ga dama. Duk abin da ya kamata a faɗa yana cikin kaina, lalaci da son a yaba mini suka hana. Bikin ritaya kuma sau ɗaya ake yi wa mutum, nasa na riga na ɓata shi.