Taron Gaggawa a Kan Jar Fitila

Allah ya yi wa garin Diffa baiwa biyu, kogin Komadugu da Shef Halilu. Kogin ma yakan ja baya wata da watanni, amma Shef kullum a cike yake fal. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa farar motar wata ƙungiyar agaji, har aka tura shi Damagaram horon kwana uku a kan abin da ake ce wa lojistik. Takardar shaidar tana manne a gilashin gaba, daidai inda sauran direbobi marasa ilimi suke ganin hanya.

Da aikin ƙungiyar ya ƙare, Shef ya sayi tsohuwar akori-kura ya shiga dakon kaya. Sai dai kada ka kuskura ka kira shi direba. Shi ba tafiya yake yi ba, misiyo yake fita, wato aiki na musamman irin na ƙungiya. Rana tsaka fitilun gaba a kunne suke, yadda ake yi a ayarin manya, rediyo na ta zuba, fanka na hura masa wuya. 'Yan tasha sun raɗa masa suna Ayari Guda, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Ranar kasuwar Diffa ya je lambunan Shetimari ɗaukar Inna Gumsu da tattasanta. Buhu goma sha biyu ne, noman shekara guda cur. Babbar motar 'yan Damagaram da za su saya tana tashi da azahar, in ta wuce kuwa sai dai Inna ta zuba wa dillalan gari kayan a yadda suka ga dama. A baya an ɗora wani dattijo, Malam Ubaidullahi, da akuyarsa.

Ba su bar yashin lambu ba motar ta fara wani kuka, tsiii, kamar ɓera ya shiga tarko. Sai ga jar fitila mai hoton batir ta kama a gaban Shef. Inna Gumsu ta kasa kunne. Shekara ashirin tana fama da injin ban ruwa, ta san wannan kukan kamar na jikanta.

"Halilu, bel ɗinka ya saki," ta ce. "Ba ya juya abin da ke cika batir. Kashe fitilun nan da rediyo, ka miƙe Diffa. Ko me za a yi kada ka kashe mota."

Shef ya yi murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa wanda bai taɓa zuwa horo ba.

"Madam, injin lambu daban, lojistik daban. Wannan alama ce, kuma alama ba a yi mata gaggawa. Sai an tantance, an tattauna, an fitar da matsaya. Ina kiran reniyo, wato taron gaggawa, yanzu-yanzu."

Ya saki hanya ya gangara ƙarƙashin wata aduwa, inda yashi ya fi laushi, domin a cewarsa taro ba ya kyau sai da inuwa. Sannan ya murɗa makulli ya kashe mota, tunda ba a jawabi cikin ƙarar inji. Fitilu dai ya bar su a kunne don masu wucewa su san akwai manya a wurin. Rediyon ma ya bar shi, ko za a yi sanarwar da ta shafi misiyo.

Inna ta dafe kai. Wallahi ni mai ba da labarin nan na ji mata.

Aka buɗe taro da addu'a. Shef ya naɗa kansa shugaba, ya naɗa Malam Ubaidullahi magatakarda duk da ya manto tabarau a gida, ya ba Inna kujerar wakiliyar masu cin moriya. Akuya aka rubuta ta 'yar kallo. Batu na farko a ajanda shi ne tarihin shugaba, kuma ya ci minti arba'in. Batu na biyu shi ne ko fitilar ja ce ko ruwan goro, aka kaɗa ƙuri'a, magatakarda ya ce shi ba ya gani. Sau uku Inna tana ɗaga hannu tana nuna rana, sau uku ana gaya mata maganar bel tana cikin "sauran batutuwa".

Daga ƙarshe aka fitar da matsaya mai hikima: a liƙe fitilar da salatif, tunda ita ce ke tayar wa jama'a da hankali. Shef ya liƙe da hannunsa, ya nemi a tafa, ya zauna ya murɗa makulli.

Motar ta ce ƙyat. Ya sake murɗawa, ta ce ƙyat a hankali. A na uku ko gaisuwar ba ta amsa ba, mai labarai a rediyo ma ya yi shiru a tsakiyar magana.

"Kun gani?" in ji Shef. "Kukan ya tsaya. An shawo kan kashi hamsin na matsalar."

Aka koma turi. Dattijo da Inna suka sa kafaɗa, Shef yana ciki riƙe da sitiyari yana ba da umarni da Faransanci. Tayoyi suka ƙara nutsewa cikin yashin da ya zaɓa da kansa. Inna ta leƙa ƙarƙashin bonet ta taɓa bel ɗin, ga shi nan sakwaf, aikin sufana ɗaya da minti biyar. Ta tambayi sufana. Shef ya buɗe akwatin kayan aiki da alfahari: hatimi, tawada, biro huɗu da tuta ƙarama.

Ana haka Allah ya kawo Ɗanlami mai amalanken shanu, zai shiga gari wofi. Inna ba ta nemi izinin shugaba ba. Kafin Shef ya gama bayanin cewa sauya abin hawa sai da rubutacciyar buƙata, buhu goma sha ɗaya sun hau, dattijo da akuya sun ɗare sama, Inna ta samu gefe. Ɗanlami ya dubi rana ya ce in an tashi yanzu za a cim ma motar Damagaram.

Nan Shef ya gyara hula, ya ɗauko jakarsa, ya ce ya amince zai jagoranci ayarin da kansa.

Ɗanlami ya duba shanunsa, ya duba taya. "Inna, wuri ɗaya ya rage. Ko buhun nan na ƙarshe, ko Shef. In na ɗora duka biyu shanun ba za su ja ba."

Inna Gumsu mace ce mai adalci, ba ta yanke hukunci da ka. Ta dubi buhun, ta dubi Shef tun daga hula har takalmi, ta sake duban buhun.

"Ɗora tattasai," ta ce. "Shi ne ke da mai jiran sa a Diffa."